Illela Biyu

Surukina ya faɗa tun farko cewa ba zai ba da 'yarsa ba sai a hannun baffana, ƙanin marigayi mahaifina. Idan bai iso Malbaza ranar ɗaurin aure kafin magariba ba, a ɗage sai bayan damina. Ni kuwa na gaji da jira.

Baffa ɗan kasuwa ne, a Agadas yake zaune, kuma mutum ne mai rowar magana a waya. Da asubar ranar ya kira ni.

"Na sauka jiya da jirgi. Ka isko ni Illela, bakin tasha."

Kafin in buɗe baki ya kashe. Wanda ya taso daga Agadas ai filin jirgin Tawa zai sauka, daga can ya gangaro Illelarmu ta Nijar, inda yake da 'ya mai aure. Na cika moto, wato babur ɗina, da mai, na bi ta Tsarnawa na miƙa arewa, ina wuce manyan motocin siminti ina waƙa.

A tashar Illela babu Baffa. Gidan 'yarsa ma ba su san da zuwansa ba. Lambarsa ta ƙi shiga. Ina tsaye ina cizon yatsa sai ga kira da lambar Najeriya.

"Kai, ina kake? Tun sahe nike zamne!"

"Baffa, ga ni Illela. Wace tasha kake?"

"Wagga da ke kusa da iyaka mana! Daga Legas ni hito, Sakkwato jirgi ya aje ni."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Filayen jirgi biyu ne suka sa mu a tsakiya, ɗaya a arewa, ɗaya a kudu, kowanne da Illelarsa a kan hanya, amma bawan Allah bai ga dalilin ƙara kalma ɗaya ba. Na ce ya hau kabu-kabu zuwa Ƙonni mu haɗu a can, ya ce shi ba ya hawa bayan yaron da bai sani ba.

Na juya. Rana ta take, injin ya yi zafi har yana ƙona mini ƙafa. A Badagishiri taya ta yi faci, na taya mai gyara cire ta da hannuna don ya yi sauri. Jandarman shingen hanya da na gaisar da safe ya sake ganina, ya tambaya ko hanyar nake aunawa. Na ce aure nake bi, ya yi dariya ya ɗaga mini igiya.

Na iske Baffa a Illelar Najeriya yana shan shayi hankali kwance.

"Ka daɗe," in ji shi.

Na ɗaure jakarsa a bayan moto, ya hau.

Mun shiga Malbaza rana ta yi ja. Mutane sun fara naɗe tabarmi, surukina kaɗai ke zaune inda yake tun la'asar. Ango ba ya zama a wurin, don haka na raɓe bayan katanga da ƙurar hanya a jikina. Daga nan na ji Baffa ya gyara murya ya ce, "Muna biɗa ma ɗanmu aure."

Muryar mahaifina ce sak. Ban taɓa lura ba, don Baffa bai taɓa yi mini doguwar magana ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka.