Yadda Muka Kai Alheri Zariya

Da asubar fari ranar Larabar da ta wuce muka ja ƙofarmu a Romi, ni da maiɗakina da surukata, da ’yarmu Alheri. Bakwaini ce, ta daɗe a kwalba kafin a sallame mu. Yanzu kuma likita ya ce yana jin wata ’yar ƙara a zuciyarta, sai mu kai ta wurin babban likitan yara a Zariya, wanda ba ya duba kowa sai Laraba kafin azahar. Za mu fita ke nan surukata ta ce a durƙusa. Ta yi addu'a har ta haɗa da waɗanda ba su da tafiya ko'ina. Ina cewa amin, idona na kan agogo.

A bakin gada muka tarar da cunkoso. Sojoji ne suka sauke mutanen wata bas suna sa su tsallen kwaɗo, wai ba su bi layi ba. Da muka isa tashar Kawo sai aka ce kuɗin mota ya tashi saboda babu mai. Haka na biya har da kujerar ƙari don kada a matse yarinyar. Surukata ta naɗe ta da zannuwa da hula da safa, ga kwalbar ruwan zafi a gefe, har wani ya tambaye mu ko tsaraba ce.

Ana jin bakwaini ce, duk ’yan motar suka zama likitoci. Wata mai kifi ta ce man kaɗanya, na bayanta ya ce zuma, wani ya ce ƙanensa ma haka aka haife shi, yanzu dambe yake yi. Ana cikin haka direba ya kunna sigari. Na yi masa magana, ya ce, “Malam, motarka ce?” Wani dattijon Alhaji da ke gaba ya zare sigarin daga bakinsa ya jefar ta taga.

Muna wuce Jaji mota ta fara hayaƙi ta tsaya. Direba ya ce yanzun nan zai dawo, ya bi hanya da ƙafa, ba mu sake ganinsa ba. Rana ta take. Alheri ta yi kuka har muryarta ta dushe, numfashinta ya koma sama-sama. Maiɗakina ta riƙo hannuna ta ce, “Baban Alheri, dubi leɓenta.” Ya yi duhu. Na koma bayan mota na yi addu'ar da ta fi kama da ƙorafi. Na ce, Ubangiji, kai ka ba mu ita, a bakin titi za ka karɓa?

Alhajin nan ne ya shiga tsakiyar kwalta ya buɗe hannuwa, har wata a-kori-kura mai komawa da kwandunan tumatir ta tsaya. Mata suka shiga gaba da jaririya, ni na hau baya. Warin ruɓaɓɓen tumatir bai bar wandona ba har yau.

A asibiti mai yankan kati ya ce lokaci ya wuce, mu dawo mako mai zuwa. Na yi bayani, na yi roƙo, na yi faɗa, ya rufe tagarsa. Surukata kuwa sai ta shimfiɗa zani a ƙarƙashin tagar, ta zauna, ta ɗaga murya da waƙar coci. Kunya ta kama ni. Tana baiti na biyu wata nas ta fito ta hana hayaniya, ta leƙa fuskar Alheri, ta karɓe ta ta yi ciki da gudu.

Likita ya fara da kwance zannuwan ɗaya bayan ɗaya yana mana faɗa, ya ce zafi ma yana wahalar da ita. Ya daɗe yana sauraren ƙirjinta. Ya ce akwai ’yar kafa a zuciyar, amma ƙarama ce, mai yiwuwa ta toshe da kanta. Ya rubuta magani, ya ce mu riƙa kawo ta kowane wata. Maganin babu shi a asibiti, sai a wani kemis a Sabon Gari, da tsadar da ta sa na zauna. A nan muka ci waina da miyar taushe, ita ce kaɗai abin da ya zo daidai a ranar.

Da magariba muka shigo Romi, muka tarar ’yan zumuntar mata sun bar mana tuwo a ƙofa. Alheri ta sha nono ta ƙoshi, ta yi gyatsa kamar babba.

Na koyi cewa renon bakwaini ba addu'ar kwana ɗaya ba ce, kuma taimakon Allah yakan zo ta hannun wanda ko sunansa ba ka tambaya ba. Gobe zan tsaya gaban shugabanmu a masaƙa in roƙi Laraba ɗaya a kowane wata. Ban san da wane baki zan fara ba. Ko ya ba ni ko ya hana, za mu je.