Zogalen Nata'ala

Nata'ala ɗan Bichi ne, dillalin ɗakunan haya ga ɗalibai a unguwar Danau Kota a nan ƙasar waje, kuma Allah ya jarrabe ni da zama a ƙasan ɗakinsa. Da zai zo ƙasar nan, irin zogale ya ƙunso a aljihu. Ya shuka a bokitan fenti a baranda, ya haɗa da yakuwa da lemun tsami.

A garin da ruwan sama ke zuba kusan kullum, shi sai ya yi ban-ruwa safe da yamma, kamar mai lambun rani a gida. Ruwan laka ya riƙa tsiyaya kan shanyata. Na hau na yi magana, ya ce haka babansa yake yi.

Matata Walida tana da ciki, ta yi kwaɗayin zogale. Na roƙe shi ganye kaɗan, ya dube ni ya ce, "Ai ba a rufe kedai ba," wato in je kanti in saya.

Saiwar ta ruɓe, zogalen ya mutu. Yanzu yawo yake yana cewa bakin mutane ne ya kama shi. Har yau kuwa yana zuba wa mataccen karan ruwa, ni kuma ina sake wanki.