Allin Kuwabara da Kafaɗar Matata

Ƙarfe bakwai na safe Kuwabara Tsuneo yake ɗaga ƙyauren rumfarsa, a bayan filin harbin faifan yumɓu na garinmu, inda ake cilla faifai sama maharba su fasa su da bindiga. Ya yi shara, ya ɗora ruwan koren shayi, ya jera matasan roba na gindin bindiga, masu rage shurinta a kafaɗa, a kan benci, daga mai tauri zuwa mai laushi, sannan ya soke guntun alli a bayan kunne. Shekara talatin da takwas yana haka. Na san lissafin sarai, domin shagona yana tsallaken titi, sana'armu ɗaya ta gyaran bindiga, kuma ta tagata nake ƙirga masu shiga wurinsa.

Ba zan ɓoye ba, ni Hiraoka ina ƙyashin mutumin nan. Injina ya fi nasa, kayana sun fi nasa kyau, amma maharbi zai sha shayina, ya yaba shagona, ya tsallaka ya miƙa masa bindiga. Shi ba ya taɓa bindiga sai ya ga mai ita cikin rigar harbinsa. Zai goga alli a jikin matashin, ya ce ka rufe ido ka ɗora ta a kafaɗa sau goma, sannan ya duba inda allin ya zauna a rigar. Onodera direban bas, wanda tsoron shurin bindiga ya sa yake runtse ido kafin ya ja kunama, da allin nan aka warkar da shi. Ni kuwa a bayan ido malamin firamare nake kiran Kuwabara.

Bara kafaɗar matata Michiyo ta fara ciwo. Shekara ashirin tana harbi, shi ne abin da ke fitar da ita daga gida da fara'a. Likita ya ce in kumburin bai sauka kafin kaka ba, ta ajiye bindiga har abada. Na ɗauko matashi mafi kauri da laushi a shagona na ɗaura mata, ina ta cika baki. Abu sai gaba ya yi. A faifai ashirin da biyar da kyar take fasa tara, ga baƙin tabo har damtse.

"Baban Sayuri, bari in kai wa Kuwabara-san ya duba."

"Ki kai mana! Ki haɗa da allo a wuya, ki rubuta mijinki bai iya aiki ba."

A kan idona ta tsallaka titin. Bayan rabin awa ta dawo, rigarta duk alli, bindigar yadda take, sai layi ɗaya da aka ja a katakon gindinta.

"Me malamin firamaren ya ce?"

"Ya ce laushin ba laifi, amma ka ƙara wa bindigar tsawo. Robar kuma tana kama riga tun ba ta kai kafaɗa ba, shi ya sa take dukana a damtse. A yanke kaurin yatsa ɗaya a kan layin nan, a goge saman robar ta yi santsi."

"To me ya hana shi yi?"

"Cewa ya yi, 'Uwargida, bindigar matar Hiraoka-kun ba za ta kwana a rumfata ba. Shi zai yanka. Hannunsa ya fi nawa a zarto, idonsa ne mai gaggawa.'"

Kwana uku ban taɓa bindigar ba, ina kumbure-kumbure. Ran na huɗu na ga Michiyo tana ɗaga butar shayi da hannun hagu, sai na bi layin allin na yanka. Kumburin kafaɗarta ya sauka. A gasar kaka ta fasa ashirin da biyu, mutane suka yi ta dafa ni suna cewa, "Hiraoka-san, aikinka ya yi kyau!" Kuwabara yana gefe da kofinsa, yana gyaɗa kai tare da su. Wannan shirun nasa ya fi komai ci mini rai.

Kuwabara-san, kai ne mai kallon mutum kafin ƙarfe. Kai ne ka gyara kafaɗar matata, ka bar mini yabon, ni da na yi shekaru ina yi maka dariya. Har a kirki ma sai da ka fi ni, kuma har yau abin bai gama sauka a wuyana ba.

Asabar da ta wuce Kuwabara ya rufe rumfa gaba ɗaya, ido ya gaji. Ya tsallako shagona, karo na farko a tarihi, ya ajiye kwalin alli a teburina.

"Hiraoka-kun, mutanena za su tsallako. Ka rage surutu, ka kalli kafaɗa."

Na gode, Kuwabara-san, a madadina da Michiyo. Ku kuma masu sana'ar hannu, ku kalli wanda zai yi amfani da abin kafin ku yanka, kuma in kun gyara kuskuren maƙwabci, kada ku buga masa ganga.

Yau da safe Onodera ya shigo da bindigarsa, ya ga alli a bayan kunnena.

"A'a! Kuwabara-san ne ya koya maka?"

Na daɗe ina gyara abin da bai lalace ba a kan tebur, kafin na ce masa, "Shi ne. Rufe ido, ɗora ta sau goma."