Rabin Takardar Abu Mifleh

Shekara ashirin da uku Wijdan ta yi a teburin rajista na ƙaramin asibitin ƙauyensu, can kan tsaunukan Ajlun, ba a taɓa kama ta da ɓatar da takarda ko ɗaya ba. 'Yar direban bas ce. Ta so karatun jinya, aure ya riga shi zuwa, 'ya'ya uku suka biyo baya, sai ta haƙura da teburin. Tsabtar aikinta har ta yi yawa. In ka ajiye mata biro a karkace, sai ta daidaita shi kafin ta amsa gaisuwarka.

Idan likitan ƙauyen, Dakta Suhail, zai tura mutum wurin ƙwararru a babban asibitin birni, yakan ba shi takarda mai rabi biyu. Shi ke cike rabin sama. Rabin ƙasa na likitan birni ne: ya rubuta abin da ya gano, da maganin da ya sa, da wanda ya hana, ya buga hatimi, mara lafiya ya dawo da ita a hannu. To, mutanenmu kun san halinsu. Wani ya cusa ta a aljihu a wanke rigar da ita, wata ta ƙunshe irin kabewa a ciki.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama cewa za a riƙa auna yadda likitan ƙauye da na birni ke jin juna. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: cikin takarda ɗari da aka tura, nawa suka dawo? Duk wata uku masu duba aiki za su zo su ƙirga da idonsu. A zuwan farko goma sha takwas aka samu. Dakta Suhail ya sha kunya a taro, ya dawo rai a ɓace, ya ɗora wa Wijdan aikin.

Ta kuwa ɗauke shi da zafi. Ta bi mutane ta waya, ta tare su a layin burodi, har a gidan biki sai ta ja tsohuwa gefe ta tambaye ta ina takarda. Mata suka laƙaba mata suna uwar takardu, tana jin daɗin sunan a ranta. Abu ɗaya ke damun ta: takardar da ta shiga ɗakin likita ba lallai ta fito kafin ranar ƙirga ba. Sai ta sayi koren fayil. Duk wadda ta dawo, ta duba hatimi, ta yi maki, ta sa ta a fayil ɗin ta kulle a durowa, da niyyar in an gama ƙirga ta rarraba su. Ta ce a ranta ai mara lafiya yana da baki, zai faɗa wa likita abin da aka ce masa.

Abu Mifleh manomin zaitun ne, ya haura saba'in, bai iya dogon zance ba ko da matarsa. An tura shi wurin likitan zuciya. Matar, Ummu Mifleh, ita ta kawo takardar a cikin leda, ta dangwarar a tebur tana dariya.

“Ga ta nan, uwar takardu. Sai ki bar mu mu sha iska.”

Wijdan ta ga hatimi, ta yi maki, ta kulle. Da tsohon ya zo karɓar maganinsa na wata, Dakta Suhail ya rubuta masa ƙwayar ciwon gwiwa kamar kullum. Ba a tambaye shi batun birni ba, shi ma bai ɗauko ba. Lokacin tsinkar zaitun ya kama, gwiwa ta matsa masa, matarsa ta riƙa ba shi ƙwayar safe da yamma don ya iya tsayuwa a gona. Wata Laraba ya faɗi a gindin bishiya yana aman jini. Kwana uku ya yi a asibitin birni, Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan mako ɗaya masu duba aiki suka zo, suka ƙirga casa'in da ɗaya cikin ɗari, suka yi ta yaba mata. Da suka tafi ta zauna rarraba takardun, sai ta tsaya a kan ta marigayin, ta karanta. Likitan zuciya ya rubuta cewa ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini, a dakatar da ƙwayar gwiwa nan take, haɗa su na iya sa jini ya ɓalle. Har layi biyu ya ja a ƙarƙashi.

A ranar ta kai wa Dakta Suhail. Ya karanta, sannan ya ce shi ma ya kamata ya tambayi tsohon. Wannan bai rage mata komai ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne labarin da ke yawo a gari, wai Ummu Mifleh ta daina cin abinci, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce masa ita ta kashe mijinta da ƙwaya saboda kwaɗayin zaitun. Wijdan ta san magana ɗaya daga bakinta za ta sauke wa tsohuwar wannan kaya, ta kuma san a kan wa zai koma. Sau biyu tana isa ƙofar gidan tana wucewa kamar mai zuwa wani wuri.

A na uku ta shiga. Ta tarar da tsohuwar zaune a tabarma, ta rame. Wijdan ta durƙusa gabanta, ta ƙi karɓar kofin gahawar da aka miƙo mata.

“Inna, ba ke ba ce. Likitan birni ya hana ƙwayar, a rubuce, a takardar da kika kawo mini. Ni na kulle ta, Dakta bai gan ta ba.”

Ummu Mifleh ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta zuba mata ido, sannan ta tambaya a hankali: “Kwana nawa ta yi a wurinki, 'yata?”

“Arba'in da uku.”

Tsohuwar ta jinjina kai.

“Kusan kullum muna haɗuwa a layin burodi,” in ji ta. “Kina tambayata yaya jikin Abu Mifleh.”