Na Ɓoye Ciwon Idona Don Kada Yaya Ta Ji

Assalamu alaikum. Ni mutuniyar Rurum ce a ƙasar Rano, sana'ata ƙuli-ƙuli, kuma duk wanda ya san ni a wancan lokacin ya san ba a taka ni in yi shiru. Sai da na yi jika sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Matan unguwa suka sa ni a baki. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu, ta ce karatun tsufa ido yake ci, ranar da na makance ita za ta ja mini sanda. Na ce ta adana sandar, ita za ta riga ni buƙata. Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini a rai.

Dama ina da ciwon suga. Ma'aikaciyar jinya ta sha gaya mini in je Kano a duba cikin idona ko da ina gani garau, wai ciwon yana cin jijiyoyin ido a ɓoye, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na ji na watsar. Da haruffa suka fara dishi-dishi a allo, ban tuna da suga ba, Yaya na tuna. Na rantse ba za ta ji ba. Na hau babur zuwa kasuwar Kibiya inda ba a san ni sosai ba, na tsuguna gaban mai tabarau ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓo mini wani, ya ce da shi ko allura na yar a yashi sai na tsince ta. Ya ɗan yi mini aiki. Na koma na sayi mai kauri, na sake komawa. Daga baya wasu baƙaƙen abubuwa suka fara yawo a gabana kamar ƙudaje. Ina korar su da hannu a aji, Malama na tambayar lafiya, ni kuwa ina cewa zafi ne.

Wata safiya ina tsamo ƙuli daga mai, wani jan abu ya malalo cikin idona na hagu kamar an ɗiga manja a ruwa. Na shafa, hannuna a bushe. Ashe jinin a ciki yake. Na yi ta ƙifce-ƙifce ina kiran sunan Allah, ƙulin yana ƙonewa ina jin ƙaurinsa.

Yaya ce ta kai ni Kano, kuma har muka dawo ba ta tayar da zancen sandar nan ba. Likita ya ce karatu ba ya makantar da kowa, suga ne ya fasa jijiyoyin, da na zo tun farko da an tare abin. Idon hagu ya tafi. Na dama aka yi masa aiki da hasken na'ura, da shi nake lallaɓa wannan rubutu.

Har yau in na farka ba na buɗe ido nan take. Nakan kwanta ina sauraron zakara, ina tsoron in buɗe in tarar da jan nan ya ƙetaro. Abin da na gane shi ne, girman kaina bai kare ni daga komai ba, lokaci kawai ya ci mini. 'Yar'uwa mai ciwon suga, tabaran kasuwa ba magani ba ne. Ki sha maganinki, ki je a duba idonki tun kina gani sarai. Ni da ƙafata na je wajen mai tabarau, asibiti kuwa sai da aka riƙe mini hannu.