Keken Kawu a Jikin Kati

Shekara talatin da huɗu Kawuna ya yi yana riƙe da makullan tsohon ginin kwaleji, bai taɓa zama a aji ba. Amma ka tambaye shi wace taga ce ke cijewa idan an yi ruwa, zai faɗa maka har da kusar da ta sa. Ni dai ban ga mutumin da ya san gini kamar yadda mutum ke sanin ɗan cikinsa ba sai shi.

Lokacin da gidan waya suka buga hoton ginin a kati da kan sarki, guda ɗaya ya saya, ya jefa a akwati. "Ba su kyauta masa ba," ya ce. Muka ɗauka kishi ne don ba a sa shi a ciki ba.

Bayan ya yi ritaya, gaban ginin ya rushe, da matakalar bene gaba ɗaya. Aka nemi zanen asali aka rasa, sai katin nan ya zama shi ne hujja. Kawu ya ji an fara haƙa tushen matakala a hagu, ya ce lallai in kai shi, ga ido ya fara dushewa.

"Ranka ya daɗe, a dama take," ya ce wa injiniyan da ke kula da aikin.

"Baba, ga hoto fa." Injiniyan ya yi murmushin da ake yi wa tsoho idan ana ganin ya fara ruɗewa. Wallahi raina ya ɓaci, har na ja hannun Kawu mu tafi. Ya ƙi motsi.

"Kawo katin kusa. Wannan keken da ke jingine, nawa ne. Ina kansa ya kalla?"

"Hagu."

"Kana ganin kacarsa a ɓangarenmu?"

"Ina gani."

"To, ka taɓa hawa keke mai kaca a hagu?"

Injiniyan ya ƙura wa katin ido. Wani birkila ya sheƙe da dariya, ya ruga ya cire madubin babur ɗinsa. Aka kara katin a gabansa, matakala ta koma dama. Ashe wajen bugawa aka juya hoton, duniya ta yi shekaru tana liƙa ginin a baibai. Injiniyan, Allah ya saka masa, da kansa ya ɗauko wa Kawu kujera, ya sa aka cike ramin.

Ranar buɗewa ba wanda ya ambaci Kawu a jawabi, ni ce na yi ta cika ina batsewa. Shi ko a jikinsa. Lokacin idon ya tafi gaba ɗaya. Da muka kai ƙofa ya saki kafaɗata, ya ƙirga taku shida, ya miƙa hannun dama. Ƙarfen riƙewa na matakalar na nan inda ya bar shi. Na bi shi na kama ɗaya hannun don in hau da shi.

"Sake ni, 'yata," ya ce. "Na san hanya."