Bargon Soja a Kejin Zomo

Bayan mun binne Mama, Baba ya shiga ɗaki ya kwanta, ya yi wata biyu bai leƙo tsakar gida ba. Tsohon soja ne, mutumin da a da ko zazzaɓi bai isa ya kwantar da shi ba. Fasto ya zo ya yi addu'a, abokansa 'yan fansho suka zo suka tafi, ni kuwa na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Ni ce autarsa, ni kaɗai na rage a gidanmu na Zuru, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa gari.

Ana nan sai ƙanwarsa, Goggo, ta zo daga Ribah a kan kabu-kabu da kwali a cinya. Farin zomo ne a ciki, kunnensa ɗaya baƙi. Ta ce a yi wa mara lafiya farfesu. Baba ya leƙa kwalin ya ce, "Kak ku taɓa shi." Washegari na gan shi a bayan gida da lauje yana yankar ciyawa. Nan take na gane cewa muddin zomon nan yana numfashi, Baba zai tashi kowace safiya.

Yayana mai walda a Rikoto ya haɗa keji, ya sa masa ragar waya a ƙasa don kashi da fitsari su riƙa zubewa. Ya yi ta cika baki kamar shi ya fara ƙera keji a duniya. Mako uku gashin dunduniyar zomon ya zube, gyambo ya fito. Ya daina tsalle, sai ya takure a kusurwa yana ɗaga ƙafa. Na ce wa Yaya ya cire takalmi ya wuni tsaye a kan wayar, in da daɗi sai ya gaya mana. Mun yi kwanaki ba ma gaisawa.

Na shimfiɗa katako a kan wayar, na zuba garin katako da na roƙo wajen kafinta. Zomo ya kama atishawa, idonsa na ruwa. Na kwashe, na kawo ɓuntun shinkafa daga wajen inji, shi kuma ya riƙa maƙalewa cikin gyambon, ina tsince shi ɗaya-ɗaya, Baba na riƙe da zomon yana lallashinsa da yarenmu na C'lela. Na gwada harawa, sai gogan ya cinye shimfiɗarsa tas ya zauna a kan jiƙaƙƙen katako. Ga damina ta kankama, ba abin da ke bushewa. Maƙwabta kuwa kowa ya zama gwani, har da wadda ko kaza ba ta taɓa kiwo ba. Na gaji, wallahi na gaji, har akwai ranar da na tsani dabbar nan.

Baba ne ya ɗauko bargonsa na soja, kore mai kauri, wanda ko Mama ba ya bari ta wanke masa. Ya sa almakashi ya raba shi huɗu, ɗaya a keji, sauran a igiyar shanya. Shi ke sauyawa, shi ke wankewa, shi ke share kejin. Ba a yi wata ba gyambon ya kame, gashi ya fara tsirowa. Baba ya koma zuwa coci. Ya cinye malmala biyu ta tuwon dawa, ya ce miyata ba gishiri, na yi murna da wannan ƙorafin.

Sai zomo ya daina cin abinci, cikinsa ya yi tauri. Na ɗaga bargon na ga duk gefensa a gwaigwaye. Ɗan kashin da ya yi kuma a sarƙe yake da koren zare, kamar an jera duwatsun wuya. Na kira malamin dabbobi, ya latsa cikin, ya ce zaren ya toshe hanji, ba abin da zai iya yi. Ya ce da busasshiyar ciyawa mai laushi muka riƙa zubawa da kauri muna sauyawa kullum, da ya wadatar. Na roƙe shi kada ya faɗi haka a gaban Baba. Na tattara kashin na watsa bayan katanga.

Rana ta uku da tsakar rana zomon ya mutu. Baba na zaune a kan benci kusa da kejin, ya kira ni.

"Ɗiyata, mi ya kashe shi?"

"Ɓuntun nan ne, Baba," na ce. "Ni na kawo shi. Laifina ne."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya buɗe tafin hannunsa, ga ƙwayoyin kashi uku rataye a koren zare.

"Ni ka share kejin nan kullum," in ji shi.

Ya miƙe ya shiga ɗaki. Na bi shi ina cewa ai bargon ne ya warkar da ƙafar, ai bai sani ba, ai kowa ma zai yi haka. Ya juya fuskarsa bango ya ce in ja masa ƙofa. Na ja. Bai ƙara fitowa da ƙafarsa ba. Kafin a yanke dawa, ɗauko shi aka yi.